Fentin Ɗakin Baƙi

A shagon fenti, wani magidanci ya daɗe yana jujjuya katin launuka. Wata dattijuwa tana zaune a benci tana jiran a sallame ta.

"Ɗan nan, tun ɗazu kake ƙura wa katin nan ido," ta ce. "Wane ɗaki za a shafa?"

"Ɗakin baƙi, Mama. Launin da ke hana barci nake nema."

"Hana barci kuma?"

"Surukata ce. Kwana uku ta ce za ta yi, yau wata biyar ke nan. Yanzu sai na yi sallama nake shiga falona."

"To ɗauki ruwan ɗorawa mai ƙyalli. Ko ka rufe ido yana nan yana kallonka, warinsa kuwa sai ya yi sati biyu."

Magidancin ya washe baki. "Allah ya saka da alheri. Kin taɓa gwadawa ke nan?"

"A cikinsa nake kwana. Mijin 'yata ne ya shafa mini watan jiya. Yaron kirki, da hannunsa ya yi, har shafi uku, wai don ɗakin ya yi mini haske."

Sai ta dubi katin, ta dubi magidancin, ta zaro ido. Magidancin ya ajiye katin a hankali, yana neman ƙofa da ido.

"Mai shago," ta ce, "ba ni farin fenti babban bokiti, zama ya kama ni. Kai kuma ɗan nan, dawo ka ba ni lambar surukarka."