Bencin Mutum Huɗu

A tashar mota, su bakwai kan bencin mutum huɗu, wani malamin makaranta ya dubi dattijuwar da gwiwar hannunta ke tokare masa haƙarƙari.

"Inna, duniya fa ba ta cika ba. Akwai ƙasashen da za ki wuni kina tafiya ba ki ga ɗan Adam ba. Mutane ne ba sa tunani, kowa sai birni."

"Allah sarki. Kai ɗan ina ne, Malam?"

"Ƙauye. Gidanmu ɗaki tara ne, tsohuwata kaɗai ta rage."

"Komawa za ka yi ke nan?"

"A'a, ɗauko ta zan yi. Zaman kaɗaici ba daɗi."

Dattijuwar ta gyara zama.

"Madalla. Kawo ta, mu zama takwas."