Allon da Uwa Ta Wanke

Ina zaune a rumfar mai gyaran rediyo, wata dattijuwa ta kwance ƙullin mayafinta, ta miƙa masa ɗan koren allo mai wayoyi.

"Ɗana, duba min. 'Yata ta haɗa shi a jami'a, wai ƙwaƙwalwar kwamfuta ce. Jibi za ta nuna wa malamanta. Na ga ƙura, na wanke."

"Da me, Mama?"

"Da sabulu mana."

"An sa masa wuta?"

"Ina! Ɓoyewa na yi."

"To bai mutu ba, zan busar." Ya juya allon a hankali. "Ita ta zana hanyoyin nan?"

"Wata huɗu tana kansa."

"Shekara ashirin ina buɗe irinsa. Yau na fara ganin uwar mai ƙera shi."

"Uwar sabulu dai," ta ce, tana share ido.