Kifin Ƙarshe a Kasuwar Águilas

Safiyar Asabar ce a garin Águilas na ƙasar Sifen, gaban teburin Eusebio mai kifi. Babban kifi ɗaya ya rage, wata tsohuwa da wata budurwa 'yar Holan kowacce ta nuna shi da yatsa.

"Iya, na riga ki," in ji budurwar. "Tun ɗazu nake tsaye, ke kina kan benci kina hira."

"Tsayuwa ba ita ce layi ba, 'yar nan. Da kika iso, kin tambayi wane ne na ƙarshe?"

"Wa zan tambaya? Ban ga layi ba!"

"Layinmu a ka yake, kowa ya san wanda yake bi. Ku baƙi kun saye gidajen bakin teku har ɗana ya koma ƙauye da jikokina, yanzu kuma kifin ma?"

"Ni ban sayi gidan kowa ba. Saboda wani ɗan garinku na baro ƙasata. Yau uwarsa za ta fara cin girkina, ta kuwa rantse ba zan shekara a nan ba."

"Ɗan wa?"

"Ɗan Amparo mai gidan burodi."

Tsohuwar ta sauke hannu.

"Amparo? Wadda ba ta taɓa yabon tukunyar kowa ba? Ko me kika dafa sai ta taɓe baki."

"Sai dai ta taɓe. Ni da garin nan mutu ka raba."

"Eusebio, naɗe wa yarinyar nan shi! Ke kuma binne shi cikin gishiri ki gasa. In Amparo ta lashe faranti, ki ce ni Remedios ce na koya miki. So nake sunana ya tsaya mata a wuya."