Na Hana Yayana Taɓa Injin Huda Katako

Assalamu alaikum, mai gabatarwa. Ni kafinta ne daga Gaya. Muna sa ƙofofin sabuwar firamare a Kademi, ɗan kwangila ya kawo janareto da injin huda katako na hannu. Ran Juma'a yayana ya biyo cikin babbar riga, ya ce zai gwada.

Na ce, "Yaya, sai ka tuɓe rigar nan."

Ya ce, "A gaban mutane?"

Sai na rataya tsumma a ƙusa, na kunna injin, na kai bakinsa jikin tsumman. Nan take ya nannaɗe tsumman, ya fizge ƙusar. Yaya ya dubi hannun rigarsa, ya tuɓe ta.

'Yan'uwa kafintoci, injin nan bai san babba ba. A gaida min Yaya Sale, yana saurare.