Ihun Ranar Wasa

A tashar Birnin Kudu, shekarar da aka canja kuɗi, Barau na jiran motar Gwaram da ƙwallon roba a cinyarsa. Dattijon da ke gefensa ya dube shi.

"Malam, da furfurarka za ka shiga fili?"

"Na ɗana ne, Baba. Shekararsa shida, amma in 'yan Gwaram na wasa ba ya cin tuwo. Ranar da suka ci Kiyako, shi da ƙannensa har kwanon uwarsu suka fasa da kiɗa."

"Alƙalin wasa ne ya cuce mu. Ni ɗan Kiyako ne."

"Haka kuke cewa kullum! Ihun da ya yi ma ya riƙe masa muƙamuƙi. Kwana biyu ko koko ba ya shiga. Na ce in ya ga ƙwallo zai buɗe baki."

Dattijon ya daina murmushi.

"Ya taka wani abu?"

"Ƙusa, a bakin fili. Ai ƙafar ta warke, uwarsa ta sa toka."

"Bayansa na sandarewa?"

Barau ya juyo ya dube shi. "Wa ya gaya maka?"

"Kada ka kwana a gida. Ka ɗauko shi, ku juyo asibiti a motar nan."

"Baba, ihu ne fa kawai."

"Nawa yaron bai taɓa zuwa kallon ƙwallo ba," in ji dattijon. "Ni ma sai da na sama masa dalili, har na rasa shi."