Mai Zuba Wake

A layin gidan abincin gwamnati na birnin Belo Horizonte a ƙasar Brazil, wata tsohuwa ta ƙare wa dattijon da ke gabanta kallo.

"Bawan Allah, da wannan kwat da agogon zinare za ka ci abincin talakawa?"

"Na kowa ne, baiwar Allah. Haka aka rubuta a ƙofa."

"Rowa dai! Kullum ina ganinka. Waken nan ko gishiri bai ji ba."

"Ba wake ke kawo ni ba. Kin ga mai zuba shi, mai farar hula? Josiane ke nan, 'yata. Tana shekara tara na bar su, ita da uwarta. Sau uku ina zuwa gidanta, ba ta buɗe min ƙofa ba. A nan kuwa ba ta da ikon korar kowa."

"Tana yi maka magana?"

"Takan ce, 'Na gaba.'"

"Shi ke nan?"

"Jiya har ta ce, 'Riƙe farantin da kyau.'"

Tsohuwar ta leƙa ta dubi mai farar hular.

"Ni ɗana yana São Paulo, ko wannan ba na samu. Matsa, layi ya tafi. Kuma gyara wuyan rigarka kafin ta ɗago."