Makullin da Aka Raba Uku

Mai girma shugaban taro, manyan baƙi, injiniyoyinmu da suka ƙera wannan abin mamaki, iyayena maza da mata, da ku na baya da kuka shigo shan sanyin ɗakin nan, assalamu alaikum.

Ina godiya da aka miƙa wa direban motar asibiti lasifika a ranar ƙaddamar da katin shaida na cikin waya, don ina cikin waɗanda aka fara gwada shi da su. Ku yi haƙuri da bakina, tun safe ya ƙi rufuwa.

Na farko, amfaninsa. A da, in mai gadi ya karɓi katinka, ya san shekarunka, ya san unguwarku, har ya yi wa hotonka dariya. Yanzu tambaya ɗaya ce: lasisinsa na gaske ne? Waya ta ce e, magana ta ƙare. Hatimin hukuma na cikin kwamfutoci barkatai, ba mai iya goge shi, sirrinka kuwa a kulle, makulli a hannunka.

Na biyu, makullin. Injiniya ta ce mini, "Direba, za mu raba shi uku, ka ba amintattunka. In wayarka ta salwanta, biyu daga ciki su haɗa wayoyinsu wuri ɗaya, shaidarka ta dawo." Na ba Yaya, babbar 'yar'uwata, kashi ɗaya, na ba Kawu ɗaya. Na ukun na ba wanda na fi yarda da shi a duniya, wato ni, na adana a wayar tawa. Ku yi dariyarku, na cancanta!

Na uku, ina wankin mota wayar ta faɗa bokiti, ana gobe za a tantance direbobi. Wanda bai nuna shaida ba, aikinsa ya tafi, ga yara a gida. Ga Yaya da Kawu ko gaisuwa ba sa yi tun rasuwar mahaifiyarmu, a kan kekenta na ɗinki. Na ruga wurin injiniya: "Ranki ya daɗe, babu ƙofar baya?" Ta ce, "Da akwai, da ɓarawo ya riga ka shiga."

Jama'a, na ji tsoro, wallahi na ji tsoro. Amma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, na bi su da roƙo. Kawu ya ce, "Zan zo, amma ba don ita ba." Yaya ta ce, "Ni ma ba don shi ba." Suka zauna a benci ɗaya, kowa ya juya ƙeya, suka miƙo wayoyi daga nesa. Wayar aro da na zo da ita ta ce a matso. Suka matso. Ta ce a ƙara! Sai Kawu ya tsaya yana kallon hannun Yaya, ya ce, "Yatsunki irin na marigayiya ne." Yaya ta fashe da kuka, Kawu ya taya ta, ni ma na taya. Shaidata ta dawo a wayar aro, ba wanda ya lura.

Aikina yana nan, alhamdu lillahi. Allah ya saka wa injiniyoyi da alheri, ya rufa mana asiri, ya ji ƙan mahaifiyarmu, ya mai da kowa gida lafiya. Duk wanda ya yi nisa da nasa, Allah ya matso da su.

Na gode.